"Na Sallama" da "To Ya Zan Yi?": Bunƙasar Ƙa'idar Tilastawa ta Fuskar Dukiya a Dokar Kwantiragi da Matsayinta a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun yadda kotunan Ingila suka daɗe suna jan ƙafa kafin su amince cewa barazana ga dukiyar mutum ko sana'arsa tana iya ɓata yardarsa a ciniki. Ta auna ƙa'idar da ma'amalolin manoma da 'yan kasuwa a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, ta kuma ajiye ta gefen babin cinikin wanda aka matsa wa a fiƙihun Malikiyya. Matsayarta ita ce, kada alƙali ya ɗauki shirun mai rauni ko jinkirinsa a matsayin hujjar yarda.

Gabatarwa



A kasuwanninmu kalma ɗaya ce take sa ciniki ya faɗa. Mai saye ya yi tayi, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har ya ce "na sallama", dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya kama gabansa. Sai dai wanda ya taɓa zama a rumfar dillalan hatsi ya san sallamar iri biyu ce. Akwai ta wanda farashi ya yi masa. Akwai kuma ta wanda yake sunkuyar da kai ya biyo ta da "to ya zan yi?" Abin da nake son mu duba shi ne lokacin da ya kamata shari'a ta saurari wannan jimla ta biyu har ta warware cinikin.

Na zaɓi Kazaure, Roni da Gwiwa na masarautar Kazaure, da Babura ta masarautar Ringim wadda ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, saboda yanayin kasuwarsu. Masu sayarwa suna da yawa, kowa da ɗan buhunan geronsa, gyaɗarsa, wakensa, riɗinsa ko zoɓonsa. Masu jarin saye da motar ɗauka kuwa ƙalilan ne, kuma kaso mai yawa na kayan Dawanau ta Kano ya nufa. Ga kuma tsarin shari'a biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa: dokar kwantiragi da muka gada daga Ingila, wadda Babbar Kotu take bi, da fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'a suke hukunci da shi tsakanin Musulmi.

Daga barazanar rai zuwa barazanar aljihu

Tsohuwar dokar Ingila ta san tilas iri ɗaya ce kawai, wato a yi wa mutum barazanar kisa, ko duka, ko tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. A shari'ar Skeate da Beale ta 1841, mai gida ya kama kayan ɗan haya a kan kuɗin hayar da ɗan hayar yake ganin an ƙara masa, shi kuwa ya yi alkawarin biya don a sakar masa kaya. Kotu ta ce alkawarin ya hau kansa, domin riƙe kaya bai kai ya karya zuciyar mutum mai ƙarfin hali ba. Abin mamaki, fiye da shekara ɗari kafin nan, a shari'ar Astley da Reynolds ta 1731, wani ya jinginar da kayan azurfarsa a kan fam 20, mai jinginar ya ƙi sakin su sai an ba shi ruwan fam 10, ya biya, kotu kuma ta sa aka mayar masa da rarar. Ke nan in ka riga ka biya kana iya karɓo kuɗinka, in kuwa alkawarin biya ka yi, ya ɗaure ka. Wannan tufka da warwara ta daɗe a littattafansu.

Sauyin ya zo ne daga teku, a shekarun da farashin mai da darajar kuɗi suka rikita harkar jiragen ruwa. A shari'ar jiragen Siboen da Sibotre, wadda aka buga hukuncinta a 1976, masu hayar jiragen sun ce wa masu su in ba a rage kuɗin haya ba za su karye, kowa ya tashi a tutar babu. Mai shari'a Kerr bai ga tilas a wannan shari'a ba, amma ya bayyana cewa taƙaita tilas ga barazanar jiki kaɗai bai dace ba. Ƙofar da ya buɗe ke nan.

Shari'ar jirgin Atlantic Baron ce ta fara shiga ta wannan ƙofa, kuma ina roƙon a riƙe ta da kyau don zan dawo kanta. Kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya karɓi aikin ƙera jirgin dakon mai a kan farashin da aka yanke da dalar Amurka. A 1973 darajar dala ta faɗi da kashi 10 cikin ɗari, sai maƙeran suka ce ko a ƙara musu kashi 10, ko su ajiye aiki. Masu jirgin suna gab da ƙulla haya mai tsoka da kamfanin Shell, saboda haka suka biya. Mai shari'a Mocatta ya yanke a 1978 cewa lallai an tilasta musu. Duk da haka sun faɗi shari'ar, domin an miƙa musu jirgi a Nuwamban 1974, ba su nemi kuɗinsu ba sai Yulin 1975. Kotu ta ce shirun wata takwas ya nuna sun amince.

A 1979, a shari'ar Pao On da Lau Yiu Long da ta taso daga Hongkong, Lord Scarman ya jera abubuwan da alƙali zai duba: ko wanda aka matsa wa ya nuna ƙin yarda a lokacin, ko yana da wata mafita, ko ya sami shawarar masani mai zaman kansa, da kuma ko ya yi hanzarin warware cinikin bayan matsin ya kau. Sai shari'ar jirgin Universe Sentinel a 1982, inda ƙungiyar ƙwadagon sufuri ta duniya ta sa aka hana jirgin barin tashar Milford Haven har sai masu shi sun biya wasu kuɗaɗe, ciki har da dala 6,480 na asusun jin daɗin ma'aikata. A nan aka gyara tushen ƙa'idar. Wanda aka tilasta wa ya san abin da yake yi sarai, ya zaɓi ƙaramar asara ne a kan babba. Saboda haka abin tambaya biyu ne: shin matsin na halal ne, kuma shin ya bar wa mutumin wata hanya da mai hankali zai iya bi?

Wadda ta fi kama da rayuwarmu ita ce shari'ar Atlas Express da Kafco ta 1989. Kafco ƙaramin kamfani ne mai sayar da kwanduna, ya sami odar kai kaya shagunan Woolworth, ya yi jinga da kamfanin sufuri a kan fam 1.10 kowane kwali. Da masu motar suka ga sun yi kuskuren lissafin yawan kwalayen da mota za ta ɗauka, sai suka turo direba da sabuwar takarda mai cewa kowane lodi ba zai gaza fam 440 ba, da umarnin in ba a sa hannu ba ya juyo da mota ba kaya. Lokacin cinikin Kirsimeti ya gabato, babu wata motar da za a samu. Kafco ya sa hannu, daga baya ya ƙi biyan ƙarin, kotu kuma ta ba shi gaskiya.

Inda ƙa'idar ta ja birki shi ne idan abin da aka yi barazana da shi halal ne ga mai yin ta. A shari'ar CTN da Gallaher ta 1994, dillalin taba ya ce zai daina ba abokin cinikinsa kaya bashi in bai biya fam 17,000 na kayan da aka sace ba, kotu ta ce babu tilas, tunda ba dole ne ya ba da bashi ba, kuma da zuciya ɗaya ya ɗauka yana bin kuɗin. Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙara ƙuntata wannan fage a 2021, a shari'ar Times Travel. Times Travel ƙaramin ofishin sayar da tikitin jirgin sama ne a Birmingham, kusan duk cinikinsa na masu zuwa Pakistan ne, kuma kamfanin jiragen Pakistan kaɗai ke tashi kai tsaye tsakanin ƙasashen biyu a lokacin. Da rigimar kamasho ta taso, kamfanin ya ba da sanarwar yanke hulɗa, ya rage tikitin da yake ba su duk mako biyu daga 300 zuwa 60, ya ce sai sun yafe tsohon kamasho za a sabunta yarjejeniya. Sun yafe. Kotu ta ce wannan cinikin mai ƙarfi ne da mara ƙarfi, kuma ƙarfi shi kaɗai ba laifi ba ne.

A ɗora ma'aunin a kan hanyar Kano zuwa Daura

Nijeriya ta karɓi dokar gama-gari ta Ingila da ƙa'idojin adalcinta, tare da dokokin da suke aiki a can ranar 1 ga Janairu, 1900. Tun 1963 aka daina ɗaukaka ƙara daga nan zuwa Landan. Don haka hukunce-hukuncen da na ambata na bayan wannan lokaci ba su ɗaure alƙalinmu ba, haske ne kawai yake nema a cikinsu. Wannan dama ce, domin yana da ikon ya ɗauki abin da ya dace da mu, ya bar wanda bai dace ba.

Mu ƙaddara wani manomin rani a gefen madatsar ruwan Kazaure ya yi jinga da direba zai kai masa kwandunan tumatir Kano. An yi lodi, rana ta take, an bar gari, sai direba ya gangara gefen titi ya ce mai ya tashi, ko a ninka kuɗin ko a sauke kaya nan. Tumatir ba ya jira. Wannan shari'ar Kafco ce sak: akwai yarjejeniya a ƙasa, an yi barazanar karya ta, babu wata mota. In manomin ya biya, doka tana tare da shi wajen neman rarar. Irin wannan kuwa ya zama abin tsammani tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. A nan dole mu yi wa direban adalci shi ma. Wanda ya zo tun kafin lodi ya ce "Alhaji, ka ga yadda mai ya koma, a duba ni", ya ba da damar a nemi wata mota, roƙo ya yi. Wanda ya bari sai kaya sun shiga hannunsa, shi ne ya yi tilas. Haka nan magini da ya yaye rufin ɗaki ana gab da damina sannan ya ce siminti ya tashi.

Yanzu mu juya ga ba-da-kaka. A watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, ga taki, ga 'yan ƙwadago, wataƙila ga mara lafiya. Manomi a Gwiwa ko Roni ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi a kan zai ba da buhun riɗi in kaka ta yi, a farashin da kowa ya san bai kai na kaka ba. Shi ne ya fi kowa cancantar cewa "to ya zan yi?", amma ƙa'idar Ingila ba ta san da shi ba. Ɗan kasuwar bai yi barazana da komai ba, ba shi ya jawo yunwar ba, kuma ba dole ne ya ba da kuɗinsa ba. Haka abin yake ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da kaya suka koma farashi biyu, na tsabar kuɗi da na turawa ta waya, mai akuya ya karyar don ya riƙe kuɗi a hannu. Haka kuma ga mai kaya a Babura da rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 ya raba shi da rabin masu sayensa. Lord Denning ya yi ƙoƙari a 1974, a shari'ar Lloyds Bank da Bundy, ya kafa ƙa'idar rashin daidaiton ƙarfi tsakanin masu ciniki, manyan alƙalan Ingila suka ƙi bin sa a 1985. Ƙa'idar da aka haifa a rigimar masu jiragen ruwa ba ta yi tanadin mai buhu biyu ba.

Malikiyya sun riga su zuwa nan

Ɗaliban zaure sun san wannan babi tun kafin a ƙera jirgin dakon mai. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta sanya yardar juna sharaɗin halaccin kasuwanci. Mukhtasar na Shaihu Khalil, na ƙarni na 14, ya nuna cewa cinikin wanda aka yi wa tilas ta haram ba ya lazimtarsa. Ibn Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426, ya ware fasali guda a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, a kan bai'ul madguɗ, wato cinikin wanda aka matsa wa. Abin lura shi ne, a mashahurin zancen mazhaba ba lallai sai an tilasta wa mutum sayarwar kanta ba. In azzalumi ya ɗora masa kuɗin zalunci, ya sayar da gonarsa don ya kuɓuta, ana iya mayar masa da ita. An kuma bambanta wannan da tilas ta halal, kamar alƙali ya sa a sayar da kayan wanda ake bi bashi don a biya masu haƙƙi. Rabe matsin halal da na haram da Ingila ta daddale a 1982, ga shi nan a rubuce ƙarnoni kafin haka.

Dattawan yankin nan ba sa bukatar a fassara musu wannan. Sun ga zamanin da ake kai amfanin gona ko ɗan maraƙi kasuwa ba don an so ba, sai don kuɗin haraji da jangali, kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979, lokacin Kazaure da Babura suna cikin Jihar Kano. Siffar wannan matsi ta yau ita ce a kai wanda ake bi bashi ofishin 'yan sanda, a ce ba zai fita ba sai ya sa hannu ya sallama gona. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum saboda bashi ko saɓa kwantiragi kawai. Takardar da aka sa wa hannu a bayan kanta ba ta da ƙafar tsayawa a kowane ɗaya daga tsarin shari'ar biyu.

Malaman ba su rufe ido ga ɗaya ɓangaren ba. Lakhmi da Suyuri suna cikin waɗanda suka ce cinikin wanda aka matsa wa ya tabbata, domin in kowa ya san za a warware, babu mai saye daga gare shi, sai ya dawwama a hannun azzalumi. Wannan hujja tana da nauyi a wurina, kuma ita ce take hana ni kiran a soke ba-da-kaka. Ranar da kotu ta fara warware duk cinikin da aka yi cikin bukata, ranar ce mai kuɗi zai ɗaure bakin jakarsa a watan Agusta, manomin da muke son karewa shi zai fara kwana da yunwa. Khaɗɗabi, a sharhinsa na hadisin hana cinikin wanda ya matsu da Abu Dawuda ya ruwaito, ya raba wanda aka tilasta wa, cinikinsa ɓatacce, da wanda bashi ko lalura ta kora kasuwa, wanda ya kamata a taimake shi ko a jinkirta masa, amma in an saya cinikin ya ƙullu duk da ƙyamar da ke cikinsa.

Inda fiƙihu ya fi dokar Ingila amfani ga manomi shi ne ba ya jiran a tabbatar da tilas kafin ya sa iyaka. Ba-da-kaka in an ba da kuɗi a kan awo sananne da lokaci sananne, salam ne, ya halatta. In kuwa tiya ɗaya aka ranta a biya biyu, riba ce. In kaka ta zo gona ba ta yi ba, mai kuɗi ya ce buhu ɗayan ya koma biyu baɗi, wannan mayar da bashi cikin wani bashi ne, Malikiyya sun hana, aya ta 280 a Suratul Baƙara kuma ta yi umarnin a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. A ɓangaren dokar ƙasa ma, sashe na 124 na Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ya hana ɗan kasuwa amfani da tilas, matsin lamba ko tsangwama wajen ƙulla yarjejeniya ko aiwatar da ita.

Shiru da jinkiri

Na dawo kan Atlantic Baron. Masu jirgin suna da lauyoyi, suna da wasu maƙeran da za su koma wa gobe, don haka shirunsu na wata takwas yana iya zama yarda. A ɗauko wannan ma'auni a ɗora wa manomi a ƙauyen Roni, an zalunce shi sau biyu. Wanda ya matsa masa shi ne mai motar da ke shiga garinsu ranar kasuwa, shi zai ranta masa kuɗin taki baɗi, wataƙila surukinsa ne ko mai gidan yayansa. An tarbiyyantar da shi a kan kunya da kara, ba ya ɗaga murya gaban babba, abin da zai ce bai wuce "ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri" ba. Mu da muka tashi a nan mun san wannan jimla tana iya ɗauke da ƙin yarda mai tsanani. Shawarar masani mai zaman kansa kuwa, wa zai ba shi ita a bakin titi tumatir yana narkewa? Hausawa sun ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana. A wurin wannan manomi ba ta tashi ranar da aka sauke kaya, tana nan muddin yana bukatar mutumin.

Lord Scarman bai ce abubuwa huɗun da ya jera a shari'ar Pao On sharuɗɗa ne da sai sun cika ba, alamomi ne. Saboda haka babu abin da ya hana alƙalin Babbar Kotu a Jigawa ya ba rashin mafita nauyi fiye da sauran, ya kuma fara ƙirga jinkiri daga ranar da dogaron mai ƙara ga wanda yake ƙara ya yanke. Wannan yana da muhimmanci ta wata fuskar ma. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran da suka shafi aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da makamantansu, saboda haka rigimar ciniki da ta fara a gaban alƙalin Shari'a tana iya ƙarewa a gaban wanda ya karanta Pao On bai karanta Tuhfa ba.

Ina kira ga alƙalanmu na ɓangarorin biyu, in mai ƙara ya ce dole aka yi masa, kafin a tambaye shi me ya sa bai yi magana ba, a fara tambayarsa motoci nawa ke shiga garinsu, masu saye nawa ke zuwa kasuwarsu, da kuma wa yake sa ran zai ranta masa baɗi. Ina kira ga malaman tsangayoyin shari'a su riƙa koyar da babin tilastawa tare da babin bai'ul madguɗ a aji ɗaya. Shugabannin kasuwa da sarakunan dillalai na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa kuma, ina roƙon ku sa a riƙa rubuta jingar mota da ta ba-da-kaka a gaban shaidu biyu tun ranar da aka ƙulla, domin manomin da aka sauya wa magana a tsakiyar hanya ya sami abin da zai nuna wa alƙali.